Riskuwa da Fuskar Baƙon Fadama

In ka je Illo ka tambayi Riskuwa mai fenti, sai ka yi sa'ar tsoho kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce "Baƙo", har waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa za su nuna maka inda rumfarsa take a da, can gefen masu busasshen kifi. Abin yana ba ni haushi har yau, domin ina tsaye a wurin ranar da sunan ya kama shi, kuma yawancin masu faɗinsa ba su san mafarinsa ba.

Ɗan wanzamai ne daga Sharabi. Ubansa shi ke yi wa jariran yankin askar gado, wato tsagar fuskar da ke nuna gidan da mutum ya fito. Riskuwa ya tashi a gindin zabira, ya san askar kowane gida tun daga Bagudo har cikin Dahome. Amma ranar da aka miƙa masa aska ya yi da kansa, jaririn ya tsala ihu, sai ya ajiye ta ya fita, bai ƙara taɓa ta ba. Ya koma Illo ya kama zane. Shi ke rubuta allunan motocin kasuwa, shi ke zana almakashi a ƙofar tela, shi ke yi wa goshin jiragen masunta ado. Fenti in ya samu, in bai samu ba ya dama shuni da jar ƙasa da farar ƙasa da ƙaro, ya yi aikinsa.

Abu guda kowa ya san shi da shi: hular haɓar-kada da yake jawowa har kan gira, da ɓangarenta na hagu a sauke kan kunne. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da jaki ma ke neman inuwa, hular nan tana nan. Mu yara mun ɗauka sanƙo yake ɓoyewa. Manya ne suka san gaskiya. Uwarsa, Goggo Dela, ta yi ta haihuwa suna komawa, abin da ake kira wabi. Da aka haife shi sai ubansa ya ƙi yi masa askar gidansu. Ya ja masa wata karkatacciyar tsaga daga tsakiyar goshi zuwa girar hagu, ya gicciya ta da wasu gajeru, ya kuma tsage masa kunne. Wai don abin da ke ɗauke 'yan'uwansa ya gan shi a ɓace ya ƙyale shi. Ya rayu kuwa, amma ya sha tsokana a dandali har ya gaji. Tun da ya mallaki hankalinsa ya sa hular, kuma ko a gaban uwarsa ba ya cire ta. Ita ma ba ta taɓa ce masa kome ba.

Mu muka jawo masa abin da ya faru. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce, muna kwalejin horon malamai, kanmu cike da iska. Shugabanmu Atiku ne, mutumin Bagudo, mai bakin da zai iya sayar maka da rigarka. Shi ya lallaɓi wani malaminmu Bature, mai son ɗaukar tsuntsaye, ya ara mana 'yar kyamararsa ta fim muka zo da ita hutun damina. Muka shirya labarin wani abu da ke fitowa daga ruwa yana jan ƙafar masu yankan shinkafa, muka sa masa suna Baƙon Fadama. A gonakin Kaoje muka ɗauka, lokacin da ruwa ya shanye su har ƙugu. Ni Bunyaminu aka zaɓa na zama abin, ba don iya wasa ba, sai don na fi kowa tsawo da rama. Suka shafe ni da taɓo, suka rataya mini ciyawar ruwa, matsattsaku suka yi bikinsu a ƙafafuna.

Da fim ɗin ya dawo daga wanki muka kalla a makaranta, sai muka ga ashe Baƙon ba shi da fuska. Taɓo ya cinye ta, baƙi ne kawai ke tasowa daga ruwa. Atiku ya ce hakan ma ya fi, kowa ya sa masa fuskar da ke ransa. Mai motar majigi da zai zo Illo bikin zagayowar ranar mulkin kai ya yarda ya haska namu bayan na gwamnati, in hakimi ya amince. Saura abu biyu: babban hoton talla da za a rataya a kasuwa, da bangon mujallar makarantarmu, wadda muka yi niyyar cika ta da labarin fim ɗin. Shi kuwa hoto dole sai da fuska. Muka sayi ƙyallen akoko muka nufi rumfar Riskuwa.

"Kawu," in ji Atiku, "huska muka so wadda kowa ya gani shi ji tsoro. Amma kak ka yi mata aska. Ƙasa ta zama guda yanzu, babu Bakabe babu Bazabarme."

Riskuwa ya dube shi ta ƙarƙashin hula. "Huska babu aska? To, ku ad da boko. Ni yi."

Ya yi kuwa. Idanu jajaye, haƙora kamar na kifin tsage, ruwa na ɗiga daga gashi. Mu dai ta burge mu. Amma shi yana da wata al'ada: ba ya ba da aiki sai ya rataya shi a bakin rumfa ya zauna yana sauraron masu wucewa. Wata mai fura ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo, ta kwashe da dariya.

"Wanga jinjiri ko suna ba a yi mai ba, shi za mu ji tsoro? Ku kawo shi in goya!"

Kafin azahar duk matan layin sun zo ganin jinjiri mai haƙora. A wancan zamani, a wurinmu, fuska sumul ta jariri ce, ko ta wanda ba a san inda za a ajiye shi ba. Riskuwa ya tashi. Ya sauke ƙyallen, ya shafe fuskar da farar ƙasa, ya kore mu.

A karo na biyu ne ya yi kuskuren, kuma kuskure ne irin wanda sai ɗan wanzami zai yi. A tunaninsa kowace halitta tana da gida. Abin nan daga ruwa yake fitowa, to ai ɗan ruwa ne, sai hannunsa ya ja masa askar wani gidan masunta da ke gangarowa ta Kwara daga Dahome suna kawo kifi Illo. Bai nufi kowa da sharri ba. Da ya gama, fuskar ta tashi ta zama mutum, har ni da na san ni ne Baƙon sai da na razana. Murna ta rufe mana ido, Atiku ya manta da maganarsa ta ƙasa guda, muka ɗauka muka rataya a jikin tsamiyar tsakiyar kasuwa.

Ranar kasuwa hantsi bai gama dubawa ba sai ga Hamma, babban masuntan nan, da mutanensa a baya. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, kuma askar da ke kumatunsa ita ce a jikin tsamiya, tsaga bisa tsaga. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya naɗe ƙyallen, ya zo ya ajiye shi a gaban Riskuwa, ya gaishe shi da harshensu.

"Fofo, mai henti. Wa yaz zana wanga abu?"

"Ni na, Baba."

"Ka san askar da kas sa mai?"

"Na sani. Abin ruwa na, shi yas sa nib ba shi ta mutanen ruwa."

"To askar ubana ta, kuma ta ɗiyana ta. Mu na muka jan ƙahwar mutane cikin hwadama ke nan? Gobe in yaro ya nutse Kaoje, gidan wa za a duba?"

Na ga lokacin da maganar ta shiga Riskuwa. Buroshin ya faɗi daga hannunsa, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Hamma ya karɓi haƙurin, amma ya wuce gidan hakimi duk da haka, kuma ban ga laifinsa ba. Wakilin hakimi ya kira mu. Ya ce mutanen nan maƙwabta ne, tutoci biyu aka kafa amma kogin ɗaya ne, ba zai bari 'yan makaranta su haɗa shi faɗa da su ba. Hukuncinsa gajere ne: duk hoton da za mu rataya sai an kawo ya gani a gaban Hamma, kuma in aka sami askar kowane gida a jikinsa, ko na nan ko na ƙetare, babu hoto babu fim.

Da muka fito Atiku ya ce a bar fuskar, a rubuta sunan fim da manyan baƙaƙe, shi ke nan. Ni ma na goyi baya, don na tsorata.

"Mutum nawa ka karatu cikin kasuwag ga?" in ji Riskuwa. "Ku da malamin haraji. Ku kun shiga ruwa matsattsaku sun sha jininku, sannan ku haska ma kujeru? Kuma ni ban taɓa hwara aiki in aje shi babu kai ba. Ku kawo wani ƙyalle."

Kwanakin da suka biyo baya ya daina karɓar aikin kowa. Wani direba ya zo da allonsa ya yi ta magiya, ya koma da shi. Riskuwa ya gwada kan kada, masunta suka ce wannan ai nama ne. Ya gwada kura, aka ce me kura ke yi a ruwa. Sai ya koma ƙirƙiro aska, yana zanawa da tsinke a ƙasa yana sharewa da tafin hannu. Nan ne sanin da ya gada ya zame masa ƙaya. Ya ja uku a kumatu, ya tuna wani gida a Kaoje. Ya ja bille guda, na wasu ne. Ya sauko gefen baki, na Fulanin da ke kawo nono ne. Ya hau saman kunci, sai ya tuna wasu fatake da ubansa ya taɓa yi wa aiki a bakin iyaka. Na same shi wata rana zaune a cikin ƙura, ƙasan rumfar duk shatin hannu.

"Bunyaminu," ya ce, "dut inda nij ja, da mai shi. Babu hilin da ba a nome ba ga huskar ɗan Adam."

Na ce masa ya haƙura, fim ɗin 'yan makaranta ne, ba kome ba ne. Ya dube ni kamar na zage shi.

Washegari da hantsi na koma, na tarar ya sauke asabarin rumfar, abin da bai taɓa yi ba da rana. Na yi sallama na ɗaga. Yana zaune a gaban sabon ƙyalle, madubin matarsa Tasallah jingine da gwangwanin fenti, hular tana ƙasa kusa da ƙafarsa. Karo na farko ke nan da na ga goshinsa. Fatar wurin ta fi sauran fuskar haske saboda daɗewa a rufe, tsagar kuma ta girma tare da shi, ta zama kamar reshen ƙaya a kwance. Yana duba madubi, ya ja layi a ƙyalle, ya sake dubawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na faɗa masa. "Kawu, don Allah ka bari. Mu makaranta za mu koma, kai nan kake. Har ka mutu da wanga abu za a kira ka."

"Na sani."

"To don mi?"

"Don ita kaɗai ta askar da ba ta da dangi. Babu wanda za ya kai ƙara sai ni." Ya tsoma buroshi. "Kuma an yi ta don a gani a ja da baya. Bari ta yi aikinta. Matsa, ka tare man haske."

Ranar da za a duba, wakili ya zauna a ƙofar gida, Hamma a gefensa, mutane sun cika wurin don an ji labari. Ni da Atiku muka ware ƙyallen. Wata mata ta yi salati ta janye ɗanta. Fuskar tana tasowa daga cikin shinkafa, kumatu sumul, amma goshin nan da tsagaggen kunnen sun sa ba ka iya kallonta ka daɗe. Hamma ya tashi ya matsa kusa, ya bi tsagar da ido daga sama har ƙasa.

"Ba tamu ta ba," ya ce. "Ban kuma san ta wa ta ba."

"Wanga zance bai ishe ni ba," in ji wakili. "Aska ba ta tsira awa ciyawa. Mai henti, kai ɗan wanzamai na. Ta wane gida ta? In ka ɓoye man, gobe masu ita su zo, ni za su kama."

Riskuwa ya sa hannu biyu ya cire hular. Ya juya a hankali, dama da hagu, don na baya ma su gani.

"Tawa ta, ranka shi daɗe. Ubana yay yi man ita, bai yi ma kowa ba bayana. Ni kau ban kawo ƙara ba."

Wakili ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a rataya. Hamma da kansa ya karɓi igiyar daga hannuna, ya sa ɗansa ya hau tsamiyar ya ɗaure. Bangon mujallar kuma Riskuwa ya kankare shi da allura a jikin takardar nan mai kaki da ake murzawa a inji. Ta yage masa sau da dama, don bai saba da ita ba, ya yi ta sakewa har ta fita. Haka fuskarsa ta shiga makarantarmu, ta wuce wasu makarantun da bai taɓa jin sunansu ba.

Jama'ar da ta taru ranar majigi ban taɓa ganin irinta a Illo ba. An zo daga Kaoje, an zo daga Bagudo, jiragen Dahome sun cika mashaya. Da baƙin nan ya taso daga ruwa a jikin farin ƙyalle, babu wanda ya ga Bunyaminu da taɓonsa. Kowa goshin Riskuwa ya gani, aka yi ta ihu ana tattake juna. Atiku har da hawaye don murna.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zo masa da sauƙi ba. Mu muka koma makaranta ana yi mana tafi. Shi kuwa yara suka riƙa watsewa in ya ɓullo, uwaye suna cewa "yi shiru ko in kira Baƙo". Akwai gidajen da suka daina kai masa goron suna, masu ciki suna canza layi don kada su haɗu da shi. Tasallah ta yi faɗa da mata ba adadi a bakin rijiya. Duk da haka bai sake jawo hular kan gira ba. Ya sayi ƙaramar hula ya ɗora a ƙeya, goshin a waje, ya ci gaba da zana motocinsa.

Abin da ya fi damunsa ashe ba wannan ba ne. Da na dawo hutu na gaba ya kira ni, ya ce Goggo Dela ta aiko daga Sharabi tana son ganinsa, kuma ta ce ya zo da ƙyallen. Labari ya kai mata cewa ɗanta ya mai da kansa abin tsorata yara. Mutumin da ya tsaya gaban wakili bai girgiza ba, shi ne ya roƙe ni in raka shi.

Muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa. Riskuwa ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa. Ta ce in ware ƙyallen, na ware. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ture faifan, ta ce, "Kai ɗan ga, matso."

Ya matso da gwiwa. Ta sa hannu ta ɗago haɓarsa, ta bi tsagar da babban yatsa, daga tsakiyar goshi har gira, ta taɓa kunnen.

"Ni nir riƙe kanka randa anka yi ta," ta ce. "Ubanka shina yi shina kuka. Tun da kas sa hulan nan nike cewa hushi kaka yi da mu, ni kau ban da bakin tambaya."



"Sun ce yara na gudu," ta ce. "Su yi ta gudu. Mutuwad da munka yi ta dominta ma ta gudu."

Ta ƙi ba mu ƙyallen. Ta sa na shiga ɗakinta na rataya shi a bango, daidai inda za ta gan shi daga kan gado, da jajayen idanun da haƙoran da komai. Jikokin maƙwabta suka daina leƙa ɗakin, ita ko a jikinta. Duk wanda ya zo gaishe ta ya razana ya tambayi mene ne wannan, sai ta ce, "Ɗana na. Shi na wanda yaz zamna."